A daina ƙirga tiyata, a dubi matar da ke kan gwiwa

An jima ana wata magana a majalisun maza da gidajen suna, daga kasuwar Hédzranawoé har Agoè-Zongo, ta kuma cika rukunonin WhatsApp: wai tiyatar haihuwa ta yi yawa a duniya, wai har ƙasashen da suka fi mu asibitoci sun fara taka mata birki. Masu maganar sukan kafa hujja da Turkiyya, inda a watan Afrilun 2025 gwamnati ta hana ƙananan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu yin tiyatar ganin dama, wadda ake tsarawa tun kafin naƙuda ta zo. Sai ka ji mutum ya gyara zama ya ce: "To kun gani ko? Dama mun faɗa. Likitocin nan kuɗi kawai suke nema, mace na shiga sai wuƙa."

Labarin Turkiyya gaskiya ne. Abin da ke ba ni tsoro shi ne mu ɗauki maganin da aka rubuta wa wanda ƙoshi ya yi wa yawa, mu ɗura wa mai jin yunwa. A Turkiyya fiye da rabin jarirai ta tiyata ake fiddo su. A Masar, binciken lafiyar iyali na 2021 ya samu 72 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta fitar da lissafi a 2021 cewa a duniya baki ɗaya 21 cikin 100 na haihuwa da tiyata ake yin su, amma a Afirka kudu da Sahara 5 ne kacal cikin 100. A nan Togo, manyan binciken gida-gida da aka yi a 2013-2014 da kuma 2017 duk sun nuna ba mu kai 10 cikin 100 ba, kuma kason ya fi yawa a Lome, ya yi ƙasa sosai a karkarar arewa. A gefe guda, binciken 2013-2014 ya nuna cikin kowace haihuwa 100,000 muna rasa uwaye kusan 400. Ƙasar da ke da irin waɗannan alƙaluma, babbar damuwarta ita ce matan da suka buƙaci aiki ba su samu ba, ko suka samu a makare.

Ya kamata mu san inda wannan lissafi na "ta yi yawa" ya samo asali. A 1985 wasu masana sun taru a birnin Fortaleza na Brazil ƙarƙashin OMS, suka ce babu dalilin da zai sa wani yanki ya wuce 10 zuwa 15 cikin 100. Shekara talatin ana yawo da wannan lamba kamar wata doka. A 2015 ita kanta OMS ta sake duba maganar, ta ce abin da ya kamata a dage a kai shi ne duk macen da ke buƙatar tiyata ta samu, a bar ƙoƙarin cimma wata lamba. A wannan shekarar ce kuma wani bincike da ya duba ƙasashe 194, wanda mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa, ya gano cewa mutuwar uwaye da jarirai na ci gaba da raguwa har sai kason ya kai wajen 19 cikin 100. Ka ga su kansu masanan ba su tsaya kan lamba ɗaya ba. Kuma duk waɗannan lambobi na ƙasa ne baki ɗaya. Ba za su gaya wa likita abin da zai yi da Hajiya ko amarya da ke kwance gabansa ƙarfe ukun dare ba.

Akwai ƙasar da ta gwada bin lamba, ta kuma ga sakamako. A Ingila, an yi shekaru ana yaba wa asibitocin Shrewsbury da Telford saboda tiyatarsu ta fi ta sauran asibitocin ƙasar ƙaranci. Ana ganin su a matsayin abin koyi. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu ne suka dage sai an yi bincike, aka ɗora wata babbar ungozoma, Donna Ockenden, ta duba lamarin iyalai kusan 1,500, mafi yawa daga 2000 zuwa 2019. Rahotonta na watan Maris 2022 ya ce jarirai 201 da uwaye 9 da ta yiwu su rayu in da an kula da su yadda ya kamata. Daga cikin abubuwan da ta gano har da ƙin yin tiyata a lokacin da ya dace, da ƙara wa mata maganin ƙarfafa naƙuda fiye da kima, da jawo jariri da ƙarfe ta ƙarfin tsiya. Kafin wannan, rahoton Morecambe Bay na 2015 ya riga ya nuna yadda nacin haihuwa ba tare da aiki ba ko ta halin ƙaƙa ya taimaka wajen rasa jarirai 11 da uwa ɗaya. A watan Fabrairun 2022 hukumar lafiyar Ingila ta rubuta wa asibitocinta cewa su daina auna ƙwazonsu da yawan tiyata ko ƙarancinta.

Wannan ya faru ne a ƙasar da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida, jini na nan a ajiye, ɗakin tiyata na kusa da ɗakin haihuwa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda abin ke aiki ba wuyar ganewa. Idan aka ce wa asibiti kada ya wuce kaza cikin ɗari, ba wanda zai fito ya ce a bar mace ta mutu. Abin da zai faru shi ne a ce "a ƙara mata awa biyu mu gani". Awa biyu ta wuce, a ƙara ruwan naƙuda. Bugun zuciyar jariri ya fara sauka, a ce wataƙila zai dawo daidai. Ungozomar da ta ga alama ta ji nauyin kiran likita, don kada a ce ita ce mai saurin tura mata ɗakin aiki. Kowa na da ɗan uzurinsa, amma jariri ba ya jiran uzuri. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska na 'yan mintuna ba ta komawa yadda take.

To mu nan Zango, gwamnati ba ta sa mana wata lamba ba, amma mun sa wa kanmu tamu, kuma tamu ta fi ta Ingila tsanani, don mu so muke ya zama babu ko ɗaya. Masu tsaron wannan doka suna cikin gida. Uwar miji ta ce ita goma ta haifa a tsakar ɗaki ba wanda ya ji kukanta. Kishiya ta yi habaici cewa wasu sai an farka su kamar buhu. Ƙawaye su ce raguwa ce. Maigida na lissafin kuɗi, ko yana tsoron an ce wadda aka yi wa aiki ba ta wuce haihuwa uku. Ita kuma yarinyar, musamman mai cikin fari, kunya ta hana ta faɗin cewa tun jiya take jin ciwo. Sai a kawo rubutu, a kawo jiƙo, a kira tsohuwar unguwa, har rana ta faɗi ta sake fitowa. Sai ta galabaita tukuna a nemi mota ko zemijan.

Ga abin da wannan jinkiri ke yi a cikin jiki. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ya kwanta a gicciye, babu jiƙon da zai buɗa ƙashi. Mahaifa za ta ci gaba da matsawa, kan yaro ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya huje, fitsari ya dinga zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan, kuma galibi jaririn ma ba a same shi da rai ba. Duk wanda ke da dangi a Katsina ya san asibitin Babbar Ruga, inda Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinke dubban mata. Na Maradi sun san cibiyar Danja. Yawancin matan da ke kwance a waɗannan wurare, tiyatar awa ɗaya a kan lokaci da ta raba su da wannan wahala. Wata kuma mahaifar ce ke fashewa gaba ɗaya, jini ya zube a cikin ciki. Akwai mai jijjiga saboda hawan jini, akwai wadda mabiyiya ta tare bakin mahaifa, akwai wadda cibiya ta riga jariri fitowa. Duk waɗannan, mintuna ake ƙirgawa.

Na san abin da wasu za su ce: ai mun ga waɗanda aka yi wa aikin kuma suka rasu. Haka ne, kuma wannan tsoro yana da tushe. Wani bincike da aka yi a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22, aka wallafa a 2019, ya samu cewa cikin mata 1,000 da aka yi wa tiyatar haihuwa, sama da 5 sun rasu, wato kusan ninki 50 na abin da ake gani a ƙasashe masu arziki. Amma binciken ya kuma nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na aikin na gaggawa ne, kuma zubar jini da matsalar allurar sa barci su ne kan gaba wajen jawo mutuwar. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda, ta zubar da jini, ƙwayoyin cuta sun shige ta, ita ce aka kai teburin aiki. Idan ta cika sai unguwa ta ɗauka wuƙa ce ta kashe ta. Labarin ya bazu, mace ta gaba ta ƙara jin tsoro, ta ƙara makara. Haka abin ke ta juyawa. Maganin wannan shi ne a isa da wuri, asibiti kuma ya kasance a shirye da jini da ƙwararru.

Masu cewa akwai tiyatar da ba ta da dalili su ma ba ƙarya suke yi ba. A ko'ina a duniya, inda kuɗin aiki ya ninka na haihuwar lafiya, akwai asibitin kuɗi da zai karkata wajen abin da ya fi kawo riba, akwai kuma likitan da ya fi son ya gama da rana ya tafi gida. Ga al'umma irin tamu mai son yawan zuri'a, tabon farko ba ƙaramin abu ba ne. Kowace tiyata na ƙara haɗarin mabiyiya ta sauko ta tare hanya ko ta manne a jikin tabon a ciki na gaba, tana kuma ƙara haɗarin fashewar mahaifa. Babu wata ƙayyadaddiyar lamba ta uku da ta hau kan kowace mace, likita ne ke duba yanayin mahaifar ya ba da shawara, amma haɗarin na hawa da yawan aikin. Saboda haka macen da ba ta buƙatar aiki, a bar ta ta haihu da kanta, shi ya fi mata alheri.

Sai dai hanyar gano tiyatar da ba ta da dalili ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya a duba. OMS ta ba da shawarar a yi amfani da tsarin Robson, wanda ke kasa masu haihuwa gida 10: mai cikin fari da ɗa ɗaya da kansa ya sauko daidai tana gidanta, mai tsohon tabo tana nata, mai tagwaye, mai bakwaini, mai ɗa a gicciye, kowa da nasa. Da wannan ne za a gane ko wani asibiti na yanka matan da ba su da wata matsala. Jimillar lamba ba ta nuna haka. Babban asibiti irin CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin, inda ake turo matan da lamarinsu ya gagari ƙananan asibitoci, dole kasonsa ya fi na ƙaramin asibitin unguwa nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗora su a sikeli ɗaya ya ce babban ya rage, ya umarce shi ke nan da ya jinkirta wa waɗanda suka fi kowa buƙata.

A nan ne nake da kira ga hukumomin lafiya na ƙasarmu. Tun 2011 gwamnatin Togo ta fara ɗaukar mafi yawan kuɗin tiyatar haihuwa a asibitocinta, aka bar wa iyali sefa 10,000, wato jaka goma. A 2021 aka ƙaddamar da shirin Wezou don rage wa masu ciki nauyin awo da haihuwa, a farkon 2024 kuma inshorar lafiya ta bai-ɗaya, AMU, ta fara aiki. Maƙwabtanmu ma hanyar da suka bi ke nan: Mali ta mayar da aikin kyauta a 2005, Benin a 2009, Nijar ma tun tsakiyar shekarun 2000, Najeriya kuma ta sanar da nata shirin ga mata marasa ƙarfi a watan Nuwamban 2024. Duk inda gwamnati ko inshora ke biyan kuɗin aiki, wata rana mai riƙe da asusu zai dubi takarda ya ce abin ya yi yawa, a rage. Ranar da wannan magana ta taso, a tuna da Shrewsbury. A binciki kowace tiyata da dalilinta, a binciki kowace mutuwar uwa da jariri, a hukunta wanda ya yanka don kuɗi, amma kada a rataya wa wani asibiti lambar da ba zai wuce ba.

Kuɗin da za a kashe wajen gangamin rage tiyata, gara a zuba shi inda ake rasa rayuka: jini a Cibiyar Ƙarin Jini ta Ƙasa, ƙwararrun masu sa barci, motar da za ta ɗauki mace daga ƙaramin asibiti zuwa babba ba tare da an ce dangi su nemo tasi ba, da isassun ungozomomi da za su zauna da mai naƙuda suna bin tafiyarta awa bayan awa. Kulawa mai kyau a lokacin naƙuda ita ce ke rage tiyatar da ba ta zama dole ba, ba tare da an sa ran kowa a haɗari ba. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman: harshe. Iyayenmu mata da yawa ba sa jin Faransanci, wasu ko Mina sama-sama suke ji. Macen da ba ta fahimci dalilin da ya sa za a yi mata aiki ba, za ta ƙi, ko ta yarda da zargi a zuciya, ta fito ta gaya wa unguwa an cuce ta. Ƙungiyoyinmu na mata da na matasa za su iya tsara masu rakiya da ke jin harsunan biyu. Wannan ba ya buƙatar jiran gwamnati.

Saura mu magidanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki na wata shida ko bakwai ya kamata maigida ya raka iyalinsa awo ko sau ɗaya, ya ji da kunnensa abin da hoton ciki, wato eko, ya nuna. Ya san asibitin da ke da ɗakin tiyata mai aiki dare da rana mafi kusa da shi, ko na Kégué ne, ko na Bè, ko Tokoin. Ya ajiye wani abu a gefe, don ko da tallafi akwai magani da gwaji da kuɗin mota. Ya san rukunin jinin matarsa, ya yi magana da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini. Mu mutanen fatauci ne, yau Cinkassé gobe Kwatano jibi Accra. Wanda zai yi tafiya ya bar magana a fili gaban mahaifiyarsa da matarsa: idan likita ya ce aiki, a yi, kada a jira ni. A ƙa'idar likitanci ma, mace baliga mai hankali ita ke da ikon amincewa a yi mata aiki a jikinta. Bai kamata ranta ya rataya a kan wayar da ba ta shiga ba.

Yin tambaya kuma haƙƙi ne. Idan ba gaggawa ba ce, a tambayi likita cikin ladabi: mene ne dalilin aikin, me zai faru idan aka jira, akwai wata hanya? Idan tun a wurin awo aka ce sai tiyata kuma zuciya ba ta kwanta ba, akwai lokacin da za a je wani asibitin a ji ta bakin likita na biyu. Amma idan jini na zuba, ko tana jijjiga, ko an ce bugun zuciyar yaro na sauka, lokacin muhawara ya wuce.

Wadda aka taɓa yi wa aiki, ta riƙe katin awonta da takardar sallamar asibiti kamar yadda take riƙe da katin ɗan ƙasa. Mata da yawa masu tabo ɗaya suna haihuwa da kansu lafiya lau a ciki na gaba, amma a asibitin da zai iya shiga da ita ɗakin aiki nan take idan tabon ya nuna alamar buɗewa. Ɓoye tabo a tafi ƙaramin asibiti ko a zauna gida don gudun wuƙa ta biyu, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ta nisanci duk wani jiƙo ko ƙwaya ko allurar saurin naƙuda da ba likita ya ba ta ba. Ta kuma ba mahaifa hutu na kimanin shekara biyu kafin wani cikin, wanda dama ya yi daidai da tsawon shayarwar da muka sani a addini.

Malamanmu da limamanmu su ma suna da rawar takawa, don maganarsu ta fi ta likita shiga kunne a gidaje da yawa. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa larura na halatta likita namiji ya duba mace idan babu mace da za ta iya, kuma tsare rai na cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta kare. Addu'a da rubutu ba sa hana a hau mota, ana iya yin su a hanya, ana iya yin su a ƙofar ɗakin aiki. A faɗi haka a wa'azin mata da wurin ɗaurin aure, a kuma ja kunnen masu gori. Wadda aka yi wa tiyata ta haihu kamar kowa, ta ma ɗauki ciwon da wasu ba su ɗauka ba, barka ɗaya ake yi mata da sauran.

Turkiyya da Masar su ji da matsalarsu, Allah ya ba su mafita. Mu tamu tambayar guda uku ce a kan kowace mai ciki a gidajenmu: tana buƙatar aikin, za ta same shi a kan lokaci, kuma wurin da za a yi mata a shirye yake? Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.